Ƙulli Huɗu a Bakin Zanin Iya

Ta tagar jirgi na fara ganin Masar. Yashi ne fari har iyakar ganin ido, sai wani koren zare da ya ratsa tsakiya kamar wadda ke saƙa ta manta shi a kan tabarma. Na taɓa Iya na ce ta leƙa, ga kogin Nilu. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wannan ai bai kai fadamarmu ta Gubuchi ba."

Na ce, "Iya, daga sama kike ganinsa fa."

Ta ce, "To tamu kin taɓa ganinta daga sama?"

Ban taɓa ba.

Iya kakata ce, ita ta haifi babana. Gwiwarta ta dama ta cinye har ta kai ba ta iya zuwa bayi sai an riƙe ta. Baffa Sani, ƙanen babana mai fataucin mazarƙwaila, shi ya haɗa tafiya biyu a ɗaya: a yi wa Iya aikin gwiwa a Alƙahira, ni kuma in shiga makarantar koyon jinya da wani dillali ya ce ya samo min gurbi. Na gama sakandare a Makarfi, na gaji da zaman tsinke zogale a tsakar gida, don haka ban tsaya dogon tambaya ba. Ni dama ba a san ni da haƙuri ba. Iya kuwa sharaɗi ɗaya ta kafa: a dawo da ita kafin saran rake. Tun da kakana Malam ya rasu, ba a taɓa saran gonarsa ba sai tana zaune a bakin gonar, kuma karan farko ita ake miƙa wa ta tauna. Ta ce in ba za ta samu wannan ba, a bar ta da gwiwarta.

Dillalin, wanda kowa ke kira Ɗan Masar, shi ya tarbe mu a filin jirgi, da farar jallabiya, yana ƙamshin turare kamar kanti. Ya kai mu wani dogon bene a gefen gari inda Hausawa masu neman magani ke kama ɗaki, ya ce gobe zai zo ya kai ni makaranta. Wannan goben har yau ba ta zo ba. Da na gaji da kiran wayar da ba ta shiga, na bi kwatancen da ya ba Baffa, na hau mota, na sauka, na sake hawa wata, na iso. Shagon gyaran fanka na tarar, da wata kyanwa kwance a bakin ƙofa. Na zage Ɗan Masar da Hausa a tsakiyar titi har mai fankar ya fito yana ba ni haƙuri da Larabci. Da na dawo ban iya hawa sama ba, na zauna a matakala ina kuka. Matar mai gadin benen ta fito, ba ta tambaye ni komai ba, ta ajiye min shayi a ɗan ƙaramin kofin tangaran, ta zauna kusa da ni tana gyaran wake har na gama.

Makaranta ta tafi ke nan. Saura Iya.

A asibiti likitan ƙashi ya duba hoton gwiwar ya ce aikin ba wuya. Sai aka ɗaura mata abin awon jini a dantse, ya kalli lambar, ya girgiza kai. Jininta ya hau da yawa, ba za a taɓa ta da wuƙa ba sai ya sauka. Dama tana shan ƙwaya ɗaya da aka ɗora ta a kai tun a gida, lisinofiril. Ya ce ta ci gaba da ita, ya ƙara mata wata mai suna amlodifin, ya ce mu dawo bayan 'yan makonni. Na fassara mata da ɗan Turancina da Larabcin Islamiyya.

Iya ta ce, "Makonni? Ki ce masa ya ba ni goma in shanye yau, a yi aikin gobe."

Na ce, "Ba tuwo ba ne, Iya."

Ta ce, "Ja'ira. Ke da ba kya iya jiran ruwa ya tafasa, yau ke ce mai wa'azin haƙuri?"

Kafin mu gama hawa bene labari ya riga mu. Matan gidan suka fara zuwa dubiya. A wajenmu ba a zuwa gaida mara lafiya hannu sake. Ko fura ce, ko ƙwai, ko ɗan kunu a kwano, sai an riƙo. To a Alƙahira ba mai saniya, ba mai kaza. Abin da kowace ke da shi da yawa a jaka shi ne magani. Shi suke riƙowa.

Hajiya Mairo ce ta fara. 'Yar Kano ce, ta zo aikin ido, ita ce ta fi kowa daɗewa a benen, har ta zama kamar uwar gidan. Bayan doguwar gaisuwa, ina gida, ina gajiya, ya jiki, ya kewar yara, sai ta zaro ƙwayoyi ta miƙa wa Iya da hannu biyu.

"Iya, wannan shi ya sauke min nawa. Ɗana ne ya aiko min daga waje, ba irin na nan ba ne."

Na ce, "Hajiya, likita ya riga ya ba ta nata."

Iya ta karɓa da hannu biyu, ta yi mata addu'a har da 'ya'ya da jikoki. Da Hajiya ta fita, ta juyo kaina.

"Rakiya, babba ta hawo bene da ido ɗaya ta miƙo abu, ki ce an riga an ba ni? A gidan wa aka koya miki wannan?"

Ta ɓare ƙwayoyin daga ledarsu ta ƙulle a bakin zani, inda take ajiye goro. Na ɗauka ajiya ce kawai don kada Hajiya ta ji kunya. Ni kuma kullum da hantsi ina waje, ko cefane, ko farautar Ɗan Masar a wuraren da aka ce an gan shi. Ban san cewa wata matar Zariya ta hawa na uku ta zo da nata ba, wata matar Katsina ma haka.

Daga nan kwanaki suka yi wani irin laushi da har yanzu in na tuna sai in ji kamar a ruwa na yi su. Bayan la'asar matan kan taru a barandarmu, don ita ke kallon faɗuwar rana. Tattabaru na kewaya saman gidaje, su tafi su dawo, su tafi su dawo. Kiran sallah kan taso daga masallatai da yawa a lokaci guda, wannan na hawa kan wancan, har ka rasa inda ɗaya ya ƙare. Matan ba sa yawan magana. Kowace ta jingina da bango, ido rabi a rufe, hannu a cinya. Wata ta ce, "Yanzu a gida an fara kunna wuta," wata ta amsa da "Uhm" bayan an daɗe. Na ce a raina kewar gida ce ta yi musu nauyi haka.

Iya ta daina faɗa da ni. Ita da ba ta taɓa barin maganata ta faɗi ƙasa ba, sai in tsokane ta ta yi murmushi kawai. Ta kan ce, "Kina jin ganyen rake?" Ba abin da nake ji sai hon ɗin motoci. Ta ce, "Saurara dai. In iska ta biyo ta gabas, haka yake yi, kamar mata da yawa suna tafiya da sabon zani." Wata rana ta ce min Malam ya zo ɗazu, ya tsaya a bakin ƙofa da fartanya a kafaɗa, ya ce a ƙara ruwa a kwamin ƙarshe na gonar rake, ya bushe. Na zauna na ɗora kaina a ƙafarta mai lafiya, ta ba ni labarin ranar da aka kawo ta Gubuchi amarya daga ƙauyen Taba a kan jaki, da yadda ƙamshin mazarƙwaila a kan wuta ya tarbe ta tun kafin ta ga gari. Gaskiya na ji daɗin wannan sabuwar Iyar. Ban taɓa samunta haka ba.

Muka ari abin awon jini na Hajiya Mairo, lamba ta nuna ƙasa sosai. Matan suka yi ta barka. Iya ta ce, "Kin gani? Saura ki kira likitan." Da farko fitsari ya dame ta, ina ta kai ta bayi ina mita. Daga baya sai ya ɗauke kusan gaba ɗaya. Na ce alhamdu lillahi, bayana ya huta.

A yawona na gano wani shago da ake matse rake a sayar da ruwan a kofi. Rake ne a jingine da bango, dami dami, kamar a kasuwar Makarfi. Ranar da na fara gani sai da na tsaya na shafa shi. Na ari keken marasa lafiya a wurin mai gadi, na sauko da Iya da rana tsaka, na tura ta har can don ta gani.

Idonta ya buɗe. Ta ce, "Kai ni kusa." Tsohon mai shagon ya ga yadda take kallo, ya zaro kara ɗaya yana dariya. Iya ta ce, "Siriri ne, bai ci taki ba," amma ta miƙa hannu. Bai kai ba, sai ta dafa keken ta miƙe tsaye. Ban ga lokacin da ta tafi ba. Na dai ga mayafinta a ƙasa, ita a kai, idonta a buɗe ba ta ganin kowa.

Na kira sunanta na gaskiya, wanda ban taɓa faɗa ba tun da aka haife ni. Na taɓa wuyanta, jijiyar na bugawa a hankali, a hankali, kamar mai tunanin ko ta ci gaba. Tsohon ya kashe injinsa, ya bar masu saye a tsaye, ya tare tasi da jikinsa a tsakiyar titi. Shi ya ɗauki kafaɗunta, ni ƙafafu. Har asibiti ya bi mu da rigar aikinsa mai danƙon rake, bai tafi ba sai da ya ga an shige da ita.

An ɗebi jini, an sa mata ruwa. Ina tsaye a lungu sai na ji an ce, "Ɗiyata, zo nan ki zauna." Da Hausa. Na juya na ga likita mace, baƙa, doguwa. Dakta Amna sunanta. Daga Sudan ta zo; ta ce kakanninta sun taso daga ƙasar Hausa da ƙafa za su hajji, suka yada zango a hanya, zangon ya zama gida. Hausarta irin ta tsofaffi ce, a hankali take fitowa, kamar an ajiye ta a adaka an ɗauko.

Ta tambayi abin da Iya ke sha. Na nuna mata kwali biyu na likitan ƙashi. Ta juya su ta ce, "Waɗannan biyu abokan tafiya ne, ba su za su yi wannan ɓarna ba. Ƙodarta ta kusa tsayawa, zuciya ta rage gudu. Akwai wani abu." Na rantse babu. Ba ta yi musu da ni ba. Ta je bakin gadon, lokacin Iya ta farfaɗo, ta durƙusa ta gaishe ta kamar jikarta, sannan ta ce, "Iya, me ke bakin zanin nan?"

Ƙulli huɗu ne. Iya ta kwance su ɗaya bayan ɗaya a kan farin zanin gado, kowanne da sunan mai shi.

"Wannan na Hajiya Mairo. Wannan na matar Zariya, mai sa fitsari. Wannan na matar Katsina. Wannan kuma na ciwon gwiwa ne, ita Hajiyar ce ta ƙaro min."

Na ce, "Iya! Sha kike yi?"

Ta ce, "To ado aka ba ni? Kuma in sun tambaya ya na ji, in ce musu me?"

Dakta Amna ta tura ni na hau tasi na karɓo kwalayen a wurin masu su, don ta ce ba a gane magani da launi. Da na dawo ta jera su. Ta ce haɗa maganin hawan jini ba laifi ba ne, yawancin mutane ma sai da biyu ko uku jininsu ke zama. Amma magungunan gida gida ne, kowane gida da aikinsa. Wani yana buɗe hanyoyin jini, irin amlodifin. Wani yana rage ruwan jiki ta fitsari. Wani yana rage gudun zuciya, shi ne na matar Katsina. Likita kan ɗauko daga gida daban daban, kaɗan kaɗan, sannan ya auna jini ya ga yadda ƙoda ta karɓa. Ta ɗaga na Hajiya Mairo, losatan, ta ajiye kusa da lisinofiril ɗin Iya ta ce waɗannan biyu hanya ɗaya suke bi, ba a haɗa su, don suna gajiyar da ƙoda, kuma suna tara wani gishiri a jini da kan iya tsayar da zuciya. Na ciwon gwiwar kuwa, diklofenak, ta ce in ya haɗu da su da mai sa fitsari, shi ke ƙarasa ƙodar.

Iya na kallon silin. Na ɗauka ta koma mafarkinta. Sai ta ce, "Wato an rage wa injin ban-ruwa wuta, an janye ruwan rijiya, an kuma taka tiyo."

Dakta ta ce, "Haka ne, Iya."

"Shi ya sa Malam ya ce kwamin ƙarshe ya bushe." Iya ta juyo ta kalli Dakta. "Injin zai tashi?"

Dakta ta ce tana sa rai, amma sai an jira. In bai tashi ba, sai wankin ƙoda. Aikin gwiwa kuwa a manta da shi tukuna.

Iya ta ce, "Rake fa?"

Dakta ta hau tattara kwalayen.

An tsayar da magungunan, har da nata na gida, sai wanda Dakta ta zaɓa. Aka rataya wata leda a gefen gado inda fitsari ke taruwa. Ni Rakiya, wadda ke barin layin niƙa in ya yi tsawo, na zauna a kujerar roba ina kallon ledar nan kamar manomi na kallon gabas. Ɗigo ya sauko, in jira na gaba. Ta taga ana hango ɗan yankin kogin, da jiragen ruwa masu farin tanti suna tafiya kamar ba inda za su. Matar mai gadi ta aiko da miyar wake. Tsohon mai rake ya zo da kara ɗaya a naɗe a jarida, ma'aikatan suka ce ba yanzu ba, Iya ta sa aka jingina shi inda za ta riƙa gani.

Ranar da na san ta dawo, ba ledar ce ta fara gaya min ba. Ina gyara mata filo ta ce, "Hannunki kamar na mai faskare. Wa zai aure ki?" Na fita waje na yi kuka na dawo na ce mata, "Wanda ya auri mai bakin nan ai ya yi haƙuri, nawa ma zai yi."

Da aka sallame mu, Dakta ta mayar da ita kan biyunta na farko a hankali, tana auna jini tsakani. Mun koma bene ke nan Hajiya Mairo ta hawo dubiya. Ina kallonta tun daga matakala: tana dafa bango, tana tsayawa, ido rabi a rufe. Ta zauna, aka gaisa, sai ga hannu biyu sun miƙo wata sabuwar ƙwaya.

Na buɗe baki, Iya ta harare ni na rufe. Ta karɓa, ta yi addu'a kamar kullum. Sannan ta riƙe hannun Hajiya ba ta saki ba.

"Hajiya, don Allah kwance min bakin mayafinki."

Hajiya ta yi dariyar kunya ta kwance. Ƙulli uku. Iya ta nuna ɗaya ta ce, "Wannan na wa?"

"Naki ne mana, Iya. Wanda kika ba ni tukuici."

Sai a lokacin na gane barandar nan. Duk wadda aka ba, sai ta rama. Magungunan benen gaba ɗaya sun zagaya hannu hannu kamar kwanon biki. Shirun la'asar da nake cewa kewar gida ce, rabinsa jiri ne.

Iya ta ce, "Rakiya, yanzu kam buɗe bakin naki. Nan ne yake da amfani."

Na bi ɗaki ɗaki. Ban iya lallashi ba, ban kuma gwada ba. Na ce duk mai ƙulli ta sa mayafi ta ɗauko kwalayenta, in ba haka ba in kira mazansu da 'ya'yansu a waya. Matar Katsina ta ce ba ta taɓa ganin yarinya mara kunya irina ba, amma ta sa takalmi. Muka cika tasi biyu. Dakta Amna ta kalli teburinta ya cika da bakin mayafai, ta dafe kai, sannan ta fara da Hajiya Mairo.

An yi wa Iya aiki daga baya, ya yi kyau. Amma kafin ta koyi takawa da sabuwar gwiwa, lokaci ya wuce. A waya muna jin injin matsa rake yana kuka a bayan muryar Baffa. Iya ta daina tambayar rake.

Da muka iso Gubuchi fadama ta zama fili, sai kututture da ganye busasshe. Washegari da hantsi Baffa ya ce Iya ta zo ta ga wani abu. Ta ƙi keke, ta ƙi kafaɗata, ta ɗauki sanda. A can ƙarshen gonar Malam, layi ɗaya na rake na tsaye shi kaɗai, iska na kaɗa ganyensa. Masu saye sun yi ta yi wa Baffa magiya, ya hana.

Aka sara karan aka miƙa mata. Ta ɓare da haƙoranta da suka rage, ta tauna, ta ce, "Ya tsufa, ruwansa ya ja baya." Amma ba ta ajiye ba.

Inna Talatu, ƙawarta da ta zo daga Dandamisa yi mata barka, ta biyo mu har gonar. Ta matso ta rage murya.

"Iya, ni ma jinin nan ya matsa min. Ba a rasa ɗan na Masar a tsaraba ba?"

Na ga hannun Iya ya nufi bakin zani da kansa, ya tsaya a hanya. Ta kalle ni. Ta kalli Inna Talatu. Sai ta ɗora karan a kan sabuwar gwiwar ta karya shi biyu.

"Gobe Rakiya za ta raka ki asibiti a auna ki, a ba ki naki." Ta miƙa mata rabin da hannu biyu. "Ungo. Wannan shi ake rabawa."